Haddace Ki Ci Jarrabawa, Amma Kada Ki Yarda

Ranar Asabar da ta wuce na leƙa gidan ƙanena, na tarar da 'yarsa ta baje littattafai a kan tabarma tana bitar Bayoloji, don jarrabawar WAEC ta ƙarato. Na ɗauki littafin rubutunta ina buɗawa, irin buɗawar da manya ke yi don a san suna sa ido. A saman wani shafi sai na ci karo da layi ɗaya da Hausa, an rubuta shi da jan biro, alhali sauran shafin duk Turanci ne: "Wannan ƙarya ce, don jarrabawa kawai."

Na ce, "Ke kuma wa ya sa ki rubuta wannan?"

Ta ce, "Baffa, malaminmu ne. Ya ce mu haddace Lamarck da Darwin mu ci jarrabawa, amma duk wanda ya yarda da su a zuciyarsa sai ya sake kalmar shahada."

Na tambaye ta me Darwin ɗin ya ce. Ta ce cewa ya yi biri ne ya haifi mutum. Na ce sai me kuma? Ta ce iyakarta ke nan, daga nan malam ya wuce babi na gaba.

Tun ranar abin ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu, kada wani ya karanta rabi ya tafi da fassararsa. Ni Musulmi ne. Na yi imani Allah ne ya halicci komai, kuma ya halicci Annabi Adamu, alaihis salam, daga ƙasa kamar yadda Alƙur'ani ya faɗa. Duk da haka ina ganin malamin nan ya cuci yarinyar sau biyu. Ya koya mata cewa babu laifi mutum ya rubuta abin da ya ɗauka ƙarya ne muddin za a ba shi maki. Ya kuma nuna mata imaninta kamar ƙwai yake, tambaya ɗaya za ta fasa shi. Ra'ayina shi ne a koyar da juyin halitta, wato ka'idar Darwin ta yadda halittu ke sauyawa su yi rassa a tsawon zamani, a makarantunmu yadda ya kamata, da hujjojinsa da giɓinsa, su kuma malaman addini su zauna su karance shi kafin su yanke masa hukunci.

Buhu ɗaya, kaya iri-iri

Duk majalisar da aka tayar da wannan magana, abu ɗaya nake lura da shi: tambayoyi daban-daban ake musu a kansu, kowa na zaton abu ɗaya ake faɗa. Wani yana maganar yadda rai ya fara a duniya. Wani yana maganar ko halittu suna sauyawa. Wani asalin ɗan Adam ne ya dame shi, wani kuma so yake a tabbatar masa akwai Mahalicci ko babu. Da ka ritsa mutum a ɗaya sai ya tsallaka ɗaya, har a kira magariba ba a fahimci juna ba.

Littafin da Charles Darwin ya fitar a 1859 bai yi bayanin yadda rai ya fara ba. Ya tarar da rai yana nan, ya tambayi yadda aka yi halittu suka yi rassa haka. Mafarin rai fage ne daban, kuma har yau masu bincike ba su warware shi ba.

A 1952 wani ɗalibi a Jami'ar Chicago, Stanley Miller, ya rufe ruwa da wasu iskoki a cikin kwalabe, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Bayan 'yan kwanaki ya samu amino asid, wato sinadaran da jiki ke gina furotin da su. Babban abu ne. Amma samun bulo daban, gina gida mai ƙofa da taga da mutane a ciki daban. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan, babu ɗakin gwaje-gwajen da ya haɗa sinadarai marasa rai ya fitar da ƙwayar halitta mai ci, mai girma, mai hayayyafa. Saboda haka duk saurayin da ya ce maka kimiyya ta gama bayanin asalin rai, ka ce masa ya koma ya ƙara karatu.

Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwana masu murna da wannan giɓi. Kada ka rataye imaninka a ƙusar "ba su gano ba tukuna", don ranar da aka gano, me za ka riƙe? Mun san yadda rana ke ɗaga tururi daga teku ya zama girgije, ba mu fasa fita sallar roƙon ruwa ba. Likita da ungozoma sun san yadda ciki ke shiga da yadda ɗa ke girma wata bayan wata, amma ranar suna dukkanmu cewa muke Allah ya raya abin da ya bayar. A aƙidarmu sanin sababi bai taɓa korar Mai sababi ba. Me ya sa sai a nan?

Abin da ke faruwa a asibiti da gona

Wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san kulorokwin: ga ɗaci, ga ƙaiƙayin da ke hana barci, amma kwana uku zazzaɓi ya kama gabansa. Wajen 2005 Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko na maleriya ta koma haɗin magungunan da ake kira ACT, saboda ya daina ci. Maganin yana nan yadda yake, ƙwayar cutar ce ta sauya. A cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke jinin majinyaci akan samu 'yan ƙalilan masu ɗan bambancin da ke hana maganin kashe su. Sauran su mutu, waɗannan su rayu su hayayyafa, sauro ya kwashe su ya kai gidan maƙwabci. Kafin shekara ashirin jikokinsu sun cika gari.

Wannan tankaɗe da rairaya shi ne jigon maganar Darwin. 'Ya'ya ba sa fitowa daidai da juna, bambancin ana gadonsa, kuma yanayi yana barin wasu su hayayyafa fiye da wasu. Shi ya sa likita ke cewa ka shanye maganinka ko da ka ji sauƙi. Shi ya sa manomin tumatir a Kadawa ke kukan cewa feshin da ya yi masa aiki bara, bana tsutsa wanka take yi da shi. Yarinyar da aka ce wa duk babin ƙarya ne, gobe ita ce nas, ita ce mai kemis, ita ce malamar gona.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne sikila. Babu unguwar da ba ta san wannan ciwo ba: yaro na kukan ƙashi cikin dare, uwa na zaune a gefensa ba abin da za ta iya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da cutar duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce, don me sai mu? Abin da ke kashe yara tun kafin su isa aure ai kamata ya yi ya ƙare da kansa. Me ya sa ya yi yawa a nan, ya yi ƙaranci a wurin Turawan Ingila ko mutanen Japan?

A 1954 wani likita da ya tashi a Kenya, Anthony Allison, ya nuna dalili. Mai AS yana da kariya daga maleriya mai tsanani fiye da mai AA. A ƙasar da sauro ke kashe yara tun kaka da kakanni, masu AS sun fi tsallake ƙuruciya su girma su yi aure su haihu. In kuma AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ka ɗauki taswirar sikila ka ɗora a kan ta maleriya, kusan baki da baki suke haɗuwa. Sauro ne ya yi rairayar, mu kuma aka bar mu da jinya.

Yau limamai da yawa ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini, Allah ya saka musu da alheri. Amma ilimin gado da ya haifi wannan takarda, da ilimin da ya bayyana dalilin yawan AS a cikinmu, 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma ɗayansu ne aka rubuta wa "ƙarya ce" da jan biro. Muna cin tuwon muna zagin mai tuƙawa.

Makiyayi ma ba baƙo ba ne a wannan magana. Balami da Uda da 'Yankasa duk tumaki ne, Bunaji da Rahaji da Gudali duk shanu ne, zaɓen wanda za a bari ya yi barbara ne ya raba kamanninsu a tsawon ƙarnuka. Darwin kansa da kiwon tantabaru ya buɗe littafinsa, abin da duk yaron da ya taɓa ajiye tantabara a saman soro zai gane ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

"Ai sauro yana nan sauronsa"

Wannan ita ce suka mafi ƙarfi da nake ji, kuma ba abin rainawa ba ce. Mai ita cewa yake: na yarda da ƙananan sauye-sauye, amma ban taɓa ganin wata dabba ta zama wata ba.

Gaskiya ne, ba wanda ya taɓa gani a tsawon rayuwarsa, ka'idar ma ba ta ce za a gani ba. Maganar lokaci ce. Masana duwatsu sun auna shekarun duniya kimanin biliyan 4.5, alamun rai kuma sun kai aƙalla biliyan 3.5. Mu da ke ganin shekara ɗari ta yi nisa, wannan lissafi ba ya zama mana a kai cikin sauƙi.

Shaidar kuwa tana ƙarƙashin ƙafarmu. A yankin Goronyo na jihar Sakkwato an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da ya rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, har aka raɗa masa sunan garin, Goronyosaurus. Teku a Sakkwato! Dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi yana ɗauke da ɓawon halittun ruwan gishiri. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an haƙo wani kada mai tsawon fiye da mita 9 da dabbobin dainaso iri-iri, wanda ya je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga irin ƙasusuwan da idonsa. Waɗannan halittu babu su yau, kuma a cikin duwatsun zamaninsu ba a samun ƙashin akuya ko na mutum. Halittu sun zo bi da bi, waɗanda suka biyo baya suna ɗauke da kamannin waɗanda suka gabace su, a ƙashi da kuma a DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jiki.

Aya ta 20 a Suratul Ankabut umarni ce: a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah ya fara halitta. Yaya za a bi wannan umarni ba a tona ƙasa an duba ba? Abin kunya ne a ce Bafaranshe da Ba'amurke da Ba'italiye ne suka zo suka duba mana, mu muna gefe muna cewa ƙarya ne.

Wani zai ce ai cikin kwana shida aka yi halitta. Haka ne. Amma Alƙur'anin ne ya gaya mana a Suratul Hajji cewa yini ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne a lissafinmu, a Ma'arij kuma ya ambaci yini mai tsawon shekara dubu hamsin. Lissafin nan na cewa duniya shekararta dubu shida, wanda ya fi shahara da shi wani babban limamin coci ne a Ailan, James Ussher, da ya ƙirga zuriyoyin Baibul a 1650 ya ce an yi halitta shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Kwalekwalen Dufuna kaɗai, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a Yobe a 1987, ya kai shekara 8,000.

"To me ya hana biran gidan namun daji zama mutane?"

Wannan ita ce ke cin tafi a majalisa, kuma ita ce mafi rauni. Ka'idar ba ta ce biri ya haifi mutum ba. Cewa ta yi suna da kaka ɗaya can baya. Ɗan baffanka ba shi ya haife ka ba, kuma zuwanka duniya bai hana shi zama ba.

Masu nazarin harshe sun ce Hausa da Bolanci da Karekare da Ngizim da Angas duk 'yan gida ɗaya ne, daga wani tsohon harshe da ba mai jin sa yau. Ba wanda ke tambaya, in Hausa daga can ta fito, me ya sa har yanzu akwai Bolanci? Kuma babu daren da uwa ta kwanta da wani yare ɗanta ya tashi da Hausa. A hankali aka rabu.

Ka ƙi ka'idar in ka ga dama, amma ka ƙi abin da ta faɗa. Ranar da yarinyar nan ta shiga jami'a ta gano abin da aka jingina wa Darwin bai faɗa ba, tambayar da za ta biyo baya ita ce: to me kuma aka gaya mini wanda ba haka ba ne? Daga nan bango ke fara tsagewa.

Maganar Annabi Adamu

Nan ne gizo ke saƙar, kuma ba zan yi kamar abin mai sauƙi ba ne.

Ga abin da ke hannun masu bincike. A 2001, a hamadar Jurab ta arewacin Chadi, wani ɗan ƙasar da ke cikin ayarin masu tono, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai, mai kimanin shekara miliyan 7. Har yau ana musu ko da ƙafa biyu yake tafiya. A Habasha a 1974 an samu ƙwarangwal ɗin da ake kira Lucy, mai shekara miliyan 3.2, ƙugunta da ƙashin cinyarta na mai tafiya a tsaye ne, kanta kuwa ƙarami. A cikin jiki kuma, mutum yana da kuromozom (wato ƙunshin DNA da ke cikin ƙwayar halitta) 46, birin chimpanzi 48, kuma na biyu a namu yana da alamar guda biyu ne suka haɗe. Waɗannan abubuwa suna nan a ajiye, ana iya zuwa a gani. Cewa "ƙarya ne" ba ya mayar da su cikin ƙasa.

Ga kuma abin da ke hannunmu. Alƙur'ani ya ce an halicci Adamu daga turɓaya, daga yumɓu, Allah ya busa masa rai, ya umarci mala'iku su yi masa sujada. Jumhurun malamai, na da da na yanzu, sun fahimci cewa ba shi da uwa ba shi da uba. Ni ma a kan haka nake.

To yaya ke nan? Aya ta 59 a Ali Imrana ita ce ta ba ni natsuwa: misalin Isa a wurin Allah kamar misalin Adamu ne. Kowane likita Musulmi ya san ɗa ba ya samuwa sai da uba. Yana koyar da haka a aji, yana aiki da haka a asibiti. Kuma ya yi imani Nana Maryamu ta haifi Annabi Isa ba tare da namiji ya taɓa ta ba. Bai yaga littafin likitanci ba, bai kuma rubuta "ƙarya ce" a samansa ba. Ya san akwai sunnar Allah da ke gudana kullum, wadda ita kimiyya ke aunawa, akwai kuma mu'ujiza, wadda ba ta hawa sikeli. Wuta tana ƙuna, amma ba ta ƙona Annabi Ibrahim ba, kuma ba wanda ya ce a soke darasin wuta a aji saboda haka.

Wasu masana na wannan zamani, irin su David Solomon Jalajel, sun bi nassosin ɗaya bayan ɗaya da ƙa'idojin Ahlus Sunna, suka ce abin da nassi ya yanke shi ne halittar Adamu da Hauwa'u ba iyaye, da kasancewar dukkanmu zuriyarsu. Amma yadda tsirrai da dabbobi suka yi rassa, ko akwai wasu halittu masu kama da mutum kafin Adamu, nassi bai ce e ba bai ce a'a ba, kuma inda wahayi ya yi shiru ba a kafirta kowa. Akwai malaman da ba su yarda da wannan ba, suna ganin an sassauta da yawa. Masanin halittu marar addini shi ma ba zai gamsu ba, zai ce bai ga wurin togaciya a DNA ba. Na ji duka biyun. Amma wannan saɓani ne na masu karatu, da hujja ake yinsa, ya fi ƙarfin layi ɗaya da jan biro.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi magana a Tahafutul Falasifa kan masu ƙaryata lissafin kusufin rana da wata da sunan kare addini. Ya ce mutumin da ya san lissafin, har yana iya faɗin lokacin da kusufi zai faru da tsawonsa, in ka ce masa addini ya ƙaryata shi, ba lissafin zai yi wa shakka ba, addinin zai yi wa. A ganinsa ɓarnar mai kare addini ta hanyar da ba ta dace ba ta fi ɓarnar mai sukar sa. Ina ma malamin 'yar ƙanena ya taɓa buɗe wannan shafi.

A nan zan ɗan ja rigar abokaina masu cewa ai malaman Musulunci na da, Jahiz da Ibn Khaldun, sun riga Darwin. Sun yi maganganu masu ban sha'awa kan gwagwarmayar dabbobi da matakan halitta, amma abin da suka siffanta ya sha bamban da gado da rairayar da Darwin ya kawo. Ba sai mun ƙwace ka'idar mun naɗa mata rawani kafin mu karanta ta ba.

"Makircin Turawa ne"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma baƙar fata yana da dalilin jin zafi. An yi amfani da sunan Darwin an jera jinsunan mutane kamar matakala, Bature a sama, mu a ƙasa kusa da biri. Shi kansa littafinsa na 1871 kan asalin mutum bai tsira daga wannan kallon raini ba. A 1906 an saka wani ɗan Kwango, Ota Benga, a ɗakin birai na gidan namun dajin Bronx da ke New York, jama'a na tururuwa suna kallo. Har yau in an jefa wa ɗan ƙwallonmu ayaba a filin wasa a Turai, daga wannan rijiya aka ɗebo.

Amma cinikin bayi ya girmi Darwin da ƙarnuka, kuma da yawan masu yinsa da nassin addini suka riƙa kafa hujja. Wanda ya yi niyyar zalunci ba ya rasa littafin da zai jingina da shi. Shi kuma ilimin nan, da ya yi ƙwari, shi ya ƙaryata su: ya nuna dukkan mutanen duniya jinsi ɗaya ne, tushensu Afirka.

Abin dariyar shi ne, makaman da muke yaƙar "makircin Turawa" da su, su ma shigo da su aka yi. Da yawan hujjojin da ke yawo a WhatsApp an ɗebo su ne daga rikicin wasu Kiristocin Amurka da makarantunsu, rikicin da ya kai ga gurfanar da wani malamin makaranta a jihar Tennessee a 1925. Daga can suka biyo ta Turkiyya, ta hannun Adnan Oktar mai laƙabin Harun Yahya, wanda littattafansa masu sheƙi suka yi ta yawo a hannun ɗalibanmu a shekarun 2000. A cikin babban kundinsa an kama hoton ƙugiyar kamun kifi mai siffar ƙwaro, an gabatar da ita a matsayin ƙwaro mai rai. Mutumin yanzu yana kurkuku, a 2022 kotun ƙasarsa ta yanke masa shekara 8,658. Na san laifin mutum ba ya ƙaryata hujjarsa. Ƙugiyar ce ke ƙaryata ta.

Ɗaya ɓangaren ma ba su tsira ba. Akwai samarinmu da suka kalli bidiyon Richard Dawkins, masanin halittu ɗan Birtaniya marar addini, guda biyu a YouTube suka dawo Facebook suna cewa kimiyya ta tabbatar babu Allah. Wane gwaji ne ya nuna haka, a wane ɗakin bincike? Mudu ba ya auna tsawo. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karance DNA ɗin ɗan Adam, mai imani ne da Allah, kuma ya fi su sanin juyin halitta nesa ba kusa ba. Wanda ya ce ka'idar ta kore Mahalicci, falsafarsa yake faɗa ya sa mata rigar kimiyya. Shi da malamin jan biro sun yi tarayya a abu ɗaya: dukkansu sun ce wa yaro sai dai ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya.

Inda wannan zaɓi ke kaiwa

A hirar da BBC ta yi da Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, a 2009, abubuwan da ya lissafa cikin dalilansa na ƙin boko sun haɗa da ka'idar Darwin, da cewa duniya kamar ƙwallo take, da cewa ruwan sama daga tururi yake. Ba ina cewa duk mai shakkar Darwin ɗan wannan tafiya ba ne, Allah ya kiyaye, da yawan masu shakkar sun fi ni ilimi da tsoron Allah. Abin da nake cewa shi ne, yaron da ya taso ana gaya masa abin da ke cikin littafinsa kafirci ne amma ya haddace, wata rana wani zai tare shi ya ce, in kafirci ne me kake yi da shi? Ba shi da amsa, don ba a taɓa ba shi ba.

Kuma kalmar "ya sake shahada" ba abin wasa ba ce a ƙasar da zargin saɓo ke iya tara jama'a da duwatsu kafin la'asar. Wanda ya furta ta a gaban 'yan shekara goma sha shida ya kamata ya san nauyinta.

Ban ɗora wa malamin laifin duka ba. Mai yiwuwa shi ma haka aka koya masa, kuma yana tsoron kada wani uba ya yi masa sallama a ƙofar makaranta da sassafe. Abin da nake nema ba shi da tsada. Malamin Bayoloji ya koyar da babin cikakke, da kulorokwin da sikila da Goronyo, ya ce wa yara ga abin da masu bincike suka gani, ga inda suka tsaya. Malamin Islamiyya ya karanta shafuka goman nan kafin ya hau mumbari a kansu, ya nuna wa yara abin da nassi ya yanke da abin da ya bari. In su biyun za su sha shayi tare ko sau ɗaya a zangon karatu, da ya fi.

Kafin in bar gidan ranar, na tambayi yarinyar ko ta san jininta AA ne ko AS. Ta ce AS ce, an gwada su. Na gyara zama na ba ta labarin sauro da Allison, na zana mata akwati huɗu a bayan littafin: AA, AS, AS, SS. Ta yi shiru tana kallon zanen, can ta ɗago kai.

"To Baffa, Annabi Adamu AA ne ko AS? In shi da Nana Hauwa'u duk AA ne, daga ina S ɗin ta fito?"

Na buɗe baki na rufe. Ubanta, da ke alwala a bakin rijiya, ya tuntsire da dariya.

"Yaya, kai ka tono. Sai ka zauna ka amsa, bari a kawo maka tuwo."